Barandar Berkeley: ruɓar da ta yi shekaru a ɓoye bayan filasta

Da misalin ƙarfe 12:40 na dare, wayewar garin Talata 16 ga Yuni, 2015, wata baranda ta ɓalle daga jikin wani benen haya da ke titin Kittredge a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya, Amurka. Matasa 13 ne a kanta, sun fito shan iska daga wata liyafar cikar abokiyarsu shekara 21. Suka faɗo ƙasa daga tsayin kimanin mita 12. Shida suka rasu, bakwai suka ji munanan raunuka. Yawancinsu ɗalibai ne 'yan ƙasar Ayalan da suka zo aikin hutu da bizar J-1. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira da rauni ta rasu a farkon shekarar 2022.

A 2007 aka gama ginin. Bai ma cika shekara goma ba.

Na daɗe ina komawa kan wannan lamari, domin duk wanda aikinsa ya haɗa shi da duba ginin katako ya san fargabar da ke cikinsa. Barandar ba ta ruguje don tsufa ba, girgizar ƙasa ba ta taɓa ta ba, kuma ba a yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ba. Binciken da hukumar ba 'yan kwangila lasisi ta jihar Kalifoniya ta sa aka yi ya nuna cewa nauyin mutum 13 yana cikin abin da aka zana ta ta ɗauka. Katakon da ke ɗauke da ita ne ya ruɓe, ya ruɓe kuma a wurin da ido ba ya kaiwa.

Yadda aka gina ta

Barandar irin wadda ake miƙo wa daga bango ce, babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Katakan da ke riƙe da ita, waɗanda zan kira azara a nan, sun taho ne daga cikin ginin suka ratsa bango suka leƙo waje, kamar mutum ya miƙa hannu ya ɗora kaya a tafinsa. Wanda ya taɓa yin haka ya san a kafaɗa ciwon yake taruwa. Haka azara take: duk nauyin da aka ɗora a bakin baranda yana komawa ne gindi, daidai inda katakon ya fito daga bango, kuma gefen sama na katakon ne yake shan ja.

Azarar ba daga gungumen itace aka yanko ta kai tsaye ba. Katakon masana'anta ne da ake kira LVL, wanda ake haɗawa da siraran fallaye na itace, kowanne kaurin kamar milimita 3, a manne su da gam a matse. Yana da ƙarfi ƙwarai, ya fi katakon da aka saba daidaito, amma wanda aka sa a nan ba a tsuma shi da maganin hana ruɓa ba. A saman azarar, zanen ginin ya ce a shimfiɗa filawud. Masu binciken sun tarar da fallayen OSB a madadinsa, wato allon da ake yi da ɓarɓashin itace da gam, wanda in ya sha ruwa yake kumbura ya riƙe danshin kamar soso. A kan wannan aka shimfiɗa ledar hana ruwa, aka zuba siminti. Ta ƙasa kuma aka rufe komai da filasta, ba taga, ba ƙofar iska.

A watan Maris na 2016 ofishin mai gabatar da ƙara na gundumar Alameda ya ce ba zai tuhumi kowa da laifin kisa ba, amma ya bayyana abin da ya gano: ruwa ya maƙale a cikin daɓen barandar tun lokacin gini, aka rufe shi a ciki. Wato an ɗaure katako jiƙaƙƙe tsakanin leda a sama da filasta a ƙasa. Ledar da aka sa don ta hana ruwa shiga, ita ce ta hana shi fita. A 2017 aka soke lasisin babban ɗan kwangilar.

Kwana kaɗan bayan hatsarin, injiniyoyin birnin sun ba da rahoto cewa guntayen azarar da suka rage a jikin bango sun ruɓe sosai, musamman ta sama. Da suka buɗe barandar da ke ƙasa da ita, suka tarar ita ma ta ruɓe, aka cire ta. Hotunan da aka ɗauka a wurin sun nuna bakin katakai baƙi-ƙirin suna marmashewa. Duba inda ruɓar ta zauna: saman katako, a gindin bango. Da za a tambayi injiniya ya nuna wuri ɗaya tak da bai kamata ya lalace ba, nan zai ɗora yatsa.

Abin da ruɓa ke yi kafin a gan ta

Turawa suna kiran irin wannan lalacewa da sunan da ke nufin "busasshiyar ruɓa", kuma sunan yana ɓatar da mutane. Babu ruɓar da ke farawa a busasshen katako. Naman gwari ne ke cin itace, shi kuwa yana buƙatar ruwa da iska da ɗumi. In danshin katako bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa ko da zai yi shekaru ɗaruruwa. In ya haura kashi 28 zuwa 30, inda zaren itacen ya ƙoshi da ruwa har ragowa ta fara taruwa a ramukansa, to gwari ya samu gida. Bushewar da ake gani ta ƙarshe ce, bayan an gama ɓarna: katakon ya yi ruwan ƙasa, ya tsattsage murabba'i-murabba'i kamar gawayi, in ka murza shi ya zama gari.

Wannan nau'in gwari mai mayar da itace ruwan ƙasa ya fi kowanne haɗari a gini, saboda yadda yake ci. Yana fara yanka dogayen zaren da ke ba itace ƙarfin ja, tun kafin ya cinye su. Nauyin katakon bai ragu sosai ba, kamanninsa ba su sauya ba, amma zarensa ya riga ya gutsuttsure. A 1978 wani masanin ruɓar itace na Jami'ar Kalifoniya, W. Wayne Wilcox, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan farkon ruɓa. Abin da ya fito shi ne, a lokacin da katako ya rasa kashi 5 zuwa 10 kawai na nauyinsa, juriyarsa ga bugun bazata ta ragu da kashi 60 zuwa 80, ƙarfinsa na jure lanƙwasa kuma ya ragu da rabi ko fiye. A wannan mataki mai duba da ido kallon kitse yake yi wa rogo.

Akwai kuma lissafin da ke ƙara tsananta abin. Ƙarfin azara wajen jure lanƙwasa yana tafiya ne da tsayin jikinta daga sama zuwa ƙasa ninki kansa. In ruɓa ta cinye kwata ɗaya daga sama, kashi uku cikin huɗu ne suka rage, amma ƙarfin da ya rage kashi 56 cikin 100 ne kacal. In ta cinye rabi, kwata ne ya rage. Wannan ma in an ɗauka ragowar katakon lafiyarsa ƙalau, abin da ba kasafai yake zama gaskiya ba. Shi ya sa irin wannan baranda ba ta gargaɗi. Lafiyayyen katako yana lanƙwasa, yana ƙara, yana tsagewa sannu-sannu kafin ya sallama. Ruɓaɓɓe kuwa ƙas yake yi sau ɗaya.

Da an duba, da me za a gani?

A nan nake so in tsaya sosai, domin bayan kowane hatsari irin wannan akan ji ana cewa ai akwai na'urorin da ke ganin cikin katako. Akwai su, kuma suna aiki. Amma kowace da iyakarta, barandar Berkeley kuma tana nuna iyakokin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da mai duba ke fara riƙewa guduma ce da tsinken ƙarfe. Ka ƙwanƙwasa lafiyayyen katako ka ji amo tsaf, gudumar ta dawo hannunka. Ruɓaɓɓe ya ba ka amo dishi-dishi. Sai gwajin tsinke, wanda nake ganin duk mai gida ya kamata ya iya: ka soka bakin tsinke ko sukundireba a jikin katako a gicciye da zarensa, ka ɗaga. Mai lafiya zai ba ka dogon sili, ya tsage da ƙara, silin ya fita nesa da bakin ƙarfen. Wanda gwari ya fara ci zai karye gajere daidai kan ƙarfen, shiru, kamar ka ɓantari busasshen sabulu. Gwaji ne mai kyau, har yakan kama ruɓar da ido bai gani ba. Sai dai a Berkeley babu katakon da za a soka. Sama siminti, ƙasa filasta.

Kyamarar zafi ita kaɗai ce za ta iya cewa wani abu ba tare da an taɓa ginin ba. Ba ta ganin ruɓa, ba ta ganin cikin bango. Bambancin zafi take nunawa a fatar abu. Wurin da ya jiƙe yakan fi kewayensa sanyi saboda tururin da ke tashi, ko ya riƙe zafin rana ya daɗe bayan faɗuwarta. Da an haska ta a ƙasan barandar a lokacin da ya dace, mai yiwuwa tabo ya bayyana a gindin bango. Amma inuwa da iska da ƙarfen da ke cikin filasta duk suna iya zana irin wannan tabo, jiƙaƙƙen katako mai tazara da filasta kuma yana iya ɓuya sarai. Abin da take bayarwa zato ne, mai nuna inda za a huda.

Hudawar ce ta fi komai amfani a irin wannan gini, kuma ba wani abin a zo a gani ba ne. A huda filasta rami kamar kaurin yatsa a tsakanin azara biyu, kusa da bango, a zura kyamara mai dogon wuya da fitila a bakinta. A allon za ka ga gefen azara da ƙasan allon daɓe: baƙin tabon ruwa, farin zaren gwari kamar auduga, kan ƙusa da ya yi tsatsa ya zubo da ja, allon OSB da ya kumbura ya ɓaɓɓare. Ta wannan rami dai za a iya zura dogayen allurai na ma'aunin danshi. Ma'aunin yana aika wuta tsakanin allura biyu ya auna yadda itacen ke tare ta, tunda jiƙaƙƙen itace ya fi busasshe barin wuta ta wuce. Yana ba da lamba mai kyau daga wajen kashi 7 zuwa wajen 30. Sama da haka lambar ba ta da tabbas, amma ba ka buƙatar tabbas, ka riga ka san akwai matsala. In an gama a toshe ramin da 'yar marfi. Aikin rabin sa'a.

A ganina wannan ma'auni, wanda ya fi sauran araha da sauƙi, shi ne mafi muhimmanci, domin shi kaɗai ke magana kafin ɓarna ta auku. Sauran na'urori suna auna abin da gwari ya riga ya ci. Shi kuwa yana gaya maka cewa an shirya wa gwari wurin zama. In ruwan tun lokacin gini yake ciki, kamar yadda masu gabatar da ƙara suka ce, to allura biyu a shekarar farko sun isa su tona asirin.

Sai manyan na'urori biyu da aka fi sani a fannin duba cikin katako ba tare da an lalata shi ba. Ta farko tana auna gudun amo. A manna abin ji a gefe ɗaya na katako, a bugi ɗaya gefen da guduma mai wayar lantarki, na'ura ta ƙirga lokacin da girgizar ta ɗauka kafin ta ƙetare, da ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. A tsawon zaren itace amo yana gudun mita 3,500 zuwa 5,000 a daƙiƙa, a gicciye kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na haka. In akwai ruɓa ko rami a hanya, sai amon ya yi zagaye ko ya yi nauyin ƙafa, ya iso a makare. Cibiyar binciken kayan itace ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin, wadda aka kafa a 1910, ta yi shekaru tana amfani da wannan hanya a kan gadojin katako, kuma jagorarta ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: in lokacin ƙetarewa ya ƙaru da kashi 30 bisa na lafiyayyen katako, a ɗauka rabin ƙarfin ya tafi, in ya ƙaru da kashi 50, ruɓar ta yi tsanani. Sharaɗin dai shi ne hannu ya kai gefe biyu na katakon, kuma a fara auna wani sashe mai lafiya na irin itacen don a samu abin kwatance. Tsagewar bushewa ma tana jinkirta amo, don haka wanda bai goge ba yakan yanke wa katako mai lafiya hukunci.

Ta biyu allurar huda ce mai rubuta abin da ta ji. Bajamushe Frank Rinn ne ya ɓullo da ita a shekarun 1980. Doguwar allura ce siririya, jikinta milimita 1.5, bakinta milimita 3, inji yana tura ta cikin katako da gudu ɗaya, yana rubuta ƙarfin da ya kashe a kowane taku. A katakon da aka yanko daga gungume zanen yakan fito kamar haƙoran zarto, yana hawa yana sauka da zoben shekarun itacen. Da allurar ta shiga ruɓa sai haƙoran su lafa, layin ya faɗi ƙasa ya miƙe. Kana riƙe da injin ma za ka ji ya yi sakayau a hannunka, ƙararsa ta sauya. Daga zanen za ka karanta cewa santimita kaza daga ƙasa lafiya lau, daga nan zuwa sama fanko. Wannan lamba ce injiniya zai sa a lissafinsa ya san ko azarar za ta ɗauki kaya. Ga baranda irin ta Berkeley ita ce ta fi dacewa, domin daga ƙasa ake harba ta ta ratsa har saman azarar, inda ba hannu ba ido. Rauninta biyu ne. Layi ɗaya kawai take gani, ruɓa na iya zama tazarar ɗan yatsa daga inda ta bi. Kuma tauri take aunawa, ruɓar farko kuwa, kamar yadda aikin Wilcox ya nuna, tana kashe ƙarfi tun tauri bai ragu sosai ba. Shi ya sa ƙwararru kan yi amfani da amo su zagaye wurin da ake zargi, sannan su huda da allura su auna zurfinsa. Akwai kuma na'urar hoton ƙashi, wato X-ray, ta tafi-da-gidanka, amma tana buƙatar a kai ga gefe biyu, a kuma kwashe mutane daga wurin, ba kasafai ake kai ta gidan haya ba.

Duk waɗannan kayan suna kasuwa tun kafin a aza tubalin ginin. Abin da aka rasa shi ne dalilin da zai sa wani ya ɗauko su. Ba wata doka a lokacin da ta ce a leƙa bayan filastar baranda bayan an ba gini takardar shiga. Iyalan waɗanda abin ya shafa sun yi zargi a ƙararrakin da suka shigar cewa masu haya na baya sun ga lemar kwaɗi ta tsiro a jikin barandar, sun kuma kai ƙorafi. Zargi ne, an kuma sasanta ƙararrakin ba tare da an kai ga hukunci ba. Amma a matsayin ilimi, ya kamata kowa ya riƙe wannan: lemar da ta fito a jikin gini furen gwari ce, ba ta fitowa sai jikinsa ya daɗe yana ci a ciki. Goge ta a shafa fenti daidai yake da rufe gyambo da riga. Ranar da aka gan ta, ranar ake kulle ƙofar baranda.

Abin da ya biyo baya

A 2018 gwamnan Kalifoniya na lokacin, Jerry Brown, ya sa hannu kan dokar SB 721. Ta shafi gidajen haya masu sashe uku ko fiye, ta ce a duba baranda da matakala da hanyoyin sama da katako ke ɗauke da su, in sun fi ƙafa shida daga ƙasa, sannan a maimaita duk shekara shida. Wa'adin dubawar farko 1 ga Janairu, 2025 ne, daga baya aka ƙara shekara guda. A 2019 aka yi SB 326 don benayen da kowane sashe da mai shi, ita kuma duk shekara tara. Wannan ta biyun ta ambaci ma'aunin danshi da kyamarar zurawa da kyamarar zafi da sunansu, ta ce a bi hanyar da ta fi ƙarancin ɓarna ga gini.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne samfuri. SB 721 ta yarda a duba kashi 15 cikin 100 na kowane nau'i. A gini mai baranda 40, shida ke nan. Ruwa kuwa ba ya raba kansa daidai. Yana bin kusurwar da aka yi sakaci da ita, ko gefen da iska ke watso ruwan sama, ko barandar da aka rufe ranar da katakonta ke jiƙe. Mai duba da ya zaɓi shidan da tsani ya fi saurin kaiwa ya cika doka, amma bai duba gini ba. Wanda ya san aikinsa zai bi tabo, ya bi tsagewar filasta, ya tambayi masu zama a ciki inda ruwa ke kwanciya, in ya samu ɗaya da danshi ya faɗaɗa zuwa duk 'yan'uwanta.

Birnin Berkeley kansa bai jira jiha ba. Cikin watan Yuli na 2015, wata ɗaya bayan hatsarin, majalisar birnin ta tilasta duba irin waɗannan gine-gine a kai a kai, ta kuma gyara ƙa'idar gini ga sababbi. Katakon da ke ɗauke da baranda dole ya zama mai jure ruɓa ko wanda aka tsuma da magani, ko a yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa. In za a rufe ƙasanta, dole a bar ƙofofin iska da za su bari danshi ya fita. Sannan a bar wata 'yar ƙofa a silin ɗin, mai girman da mutum zai buɗe ya haska fitila ya ga azara, ya kai mata tsinke da allura, ya mayar ya rufe.